Duƙushi yana ci amma yana ramewa: tambayoyi da amsoshi ga masu dawaki a Katsina da Daura

Duk shekara idan azumi ya raba tsakiya, aka fara fito da kayan hawa ana kakkaɓewa, sai tambaya ɗaya ta riƙa yawo daga wannan barga zuwa waccan: "Wai me ya sami dokin nan ne? Ci yake yi, amma kullum kamar ana zuƙe shi." Yawanci a kan duƙushi ake maganar, wato daga wanda aka yaye zuwa ɗan shekara huɗu ko biyar. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Sunayen magunguna na bar su yadda suke a jikin kwalba domin a gane su idan an gani, ba domin kowa ya zama likitan kansa ba.

Ta yaya zan tabbatar ramewa yake yi, ba tsawo yake ƙarawa ba?

Duƙushi ba ya girma bai ɗaya. Wani lokaci kuturinsa zai ɗara gabansa tsawo, ƙafafu su yi zaƙo-zaƙo, ka ga kamar ya zube alhali ƙashi ne ya riga nama. Doki ba ya gama cika sai ya kai shekara biyar zuwa shida, saboda haka ɗan shekara biyu ba zai yi ƙirar ingarma ba ko me ka ba shi.

Kada ka dogara da ido, musamman da hunturu idan gashi ya yi kauri. Sa hannu. Akwai ma'auni mai maki 1 zuwa 9 da wani masani a Amurka, Don Henneke, ya fitar a 1983, kuma likitocin dabbobi suna aiki da shi har yau. A maki 5 ba a ganin haƙarƙari amma ana jin su da an shafa. A maki 4 ana hango inuwarsu. Daga 3 zuwa ƙasa, ƙashin baya da na ƙugu da gindin wutsiya duk sun fito fili. Duƙushi mai maki 4 ko 5, mai sheƙi da kuzari, lafiyarsa ƙalau. Wanda kuwa cikinsa ya yi tulu, gadon bayansa ya zube, gashinsa ya tashi ya dushe, wannan ramamme ne. Tumbi ba ƙiba ba ne.

Ba ni da sikelin da zai ɗauki doki. Yaya zan san nauyinsa?

Tef ɗin tela ya isa. Auna kewayen ƙirjinsa a inda majayi yake zama, da santimita. Sannan auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,900. Misali, kewaye 150, tsawo 140: 150 sau 150 sau 140 ya ba da 3,150,000, idan aka raba ya kama kilo 265. Ga ɗan shekara ɗaya a raba da 10,800.

Lissafin ba ya faɗa daidai cif, amma idan mutum ɗaya ne yake awon, da safe kafin a ba shi abinci, duk mako biyu, zai nuna maka ko gaba ake yi ko baya. Rubuta a littafi, ka ɗauki hotonsa da waya ta gefe da ta baya. Wanda yake ganin doki kullum shi ne na ƙarshen lura da ramarsa. Kuma da wannan adadin ake auna abinci da magani, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Daga ina zan fara bincike?

Komi, baki, kashi, jini. A haka, kuma bi da bi. Rama alama ce kawai, kuma hanyoyinta uku ne: ko abincin bai kai bakinsa ba, ko ya shiga amma jiki bai amfana ba, ko akwai abin da yake cinye shi, cuta ko aiki. Mutane sukan fara daga ƙarshe, da allura, saboda ita ce ta fi kama da an yi wani abu.

Wani dattijo a Daura ya taɓa kirana in ga wani dokinsa aharas ɗan shekara biyu. Ya ce, "Malam, buhun dawa ba ya wata a gidan nan, amma dubi abin da nake kiwo." Na ce, "Baba, a zuba masa yanzu, mu zauna mu gani." Aka shimfiɗa mana tabarma. Yaron barga ya zuba, ya tafi ɗebo ruwa. Kafin ya dawo, babban doki kili da ke turken kusa ya miƙo wuya iya tsawon igiyarsa, ya kwantar da kunne, duƙushin ya ja da baya. Awaki biyu suka sa kai, kaji suka biyo. Abin da ya shiga cikin mai abincin bai kai rabi ba. Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a matsar da turken. Ba ko da yaushe ake dacewa da sauƙi haka ba, amma kada ka kashe ko sisi kafin ka zauna da kanka ka ga cinsa daga farko har ƙarshe, sau biyu ko uku.

Ina ba shi dawa da dusa har ya bari. Ta ina yunwa za ta shigo?

Ta wajen ciyawa. Doki dabbar ciyawa ce. Tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, kuma yawancin narkewar abincinsa a babban hanji take faruwa, a hankali, dare da rana. Dokin da ya kai kilo 300 yana buƙatar busasshen abinci kilo 6 zuwa 7 da rabi a yini, kuma aƙalla kilo 4 da rabi daga ciki ya zama harawa da ciyawa. Rataya damin da kake ba shi a sikelin hannu ka gani. Da bazara damin harawa yana ƙanƙancewa kuɗinsa yana hawa, mai doki kuma yana nan yana cewa "dami biyu nake ba shi" kamar yadda yake faɗa tun kaka. Kara da tsohuwar ciyawar da rana ta ƙone cika ciki kawai suke yi. Mai girma yana buƙatar abin gina jiki: harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye, kowar wake, ɗan tunkuza mai tsabta, ko waken suya da aka soya. Ɗanyen waken suya ba ya karɓar doki.

Ita dawa ƙwayarta ƙanana ce mai tauri, da yawa takan wuce ba a tauna ba. Idan ka ga kaji suna rububin tonon kashin dokinka, dawarka suke ci. A ɓarza ta ko a jiƙa, amma kada a bar jiƙon ya yi tsami a zafin nan namu. Kada hatsin da za a ba ɗan kilo 300 a zama ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi, gara ma a raba shi uku. Kwano kuma ba awo ba ne, domin kwanon dawa ya ninka kwanon dusa nauyi.

Sai a tuna dawakin ba ɗaya ba ne. Katsina gidan ƙwallon dawaki ce tun zamanin Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo, kuma manyan dawaki 'yan Sudan da 'yan Ajantina sun daɗe suna shigowa. Abin da zai riƙe dokin gida ɗan Arewa ya yi ɓul-ɓul, ɗan Sudan mai dogon ƙashi ramewa zai yi a kansa.

An ce yawan dusa yana da illa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma mai girma ta fi cutarwa. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali ƙashi yana son kalsiyam ya rinjaya. Idan dusa da hatsi suka zama su ne abincin, harawa ta zama ɗan taɓawa, jiki sai ya riƙa zare kalsiyam daga ƙashi. Bayan watanni za a ga ƙasusuwan fuska sun kumbura tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan, tauna ta gagara, rama ta biyo baya. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam sosai, su ne gyaran farko. Idan fuska ta riga ta fara kumbura, likita zai ƙara masa garin kalsiyam da awo.

Sannan ka sansana duk buhun da ka saya. Dusa ko masarar da ta yi funfuna tana lalata hanta, ta masara ma har ƙwaƙwalwa take taɓawa. Wadda ta dunƙule ko take warin rima, a zubar.

Yana zubar da abinci daga baki, yana jujjuya kai idan yana tauna. Haƙori ne?

Da alama. Ana ɗauka ciwon haƙori na tsohon doki ne, alhali tsakanin shekara biyu da rabi zuwa biyar bakin doki ba ya hutawa: haƙoran nono 24 ne suke faɗuwa, na dindindin suna fitowa. Na gaba na tsakiya suna sauyawa a shekara biyu da rabi, na gefensu a uku da rabi, na ƙarshe a huɗu da rabi. A can ciki kuma turame suna sauyawa wajen shekara biyu da rabi, uku, da huɗu. Wani lokaci tsohon haƙorin yakan maƙale a kan sabon kamar hula, yana motsi yana sukar dasashi. In ka taɓa tsintar wani abu mai kama da ɓawon haƙori a cikin komi, shi ne ya faɗo da kansa.

Bayan wannan, muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka turamen sama suna yin kaifi ta gefen kunci, na ƙasa ta gefen harshe. Alamun su ne dunƙulen ciyawa da aka tauna aka tofar, yawan miyau, warin baki, dogayen zaren ciyawa a kashi, da faɗa da linzami. Gyaran ba wuya: likita ya buɗe bakin da ƙarfen buɗe baki, ya cire abin da ya maƙale, ya goge kaifin. Kada ka zura hannu can ciki da kanka, turmin doki yana raba mutum da yatsa. Mai shekarun nan ya kamata a duba bakinsa duk wata shida.

Ganɗarsa ta kumbura ta sauko bayan haƙoran gaba. In sa a yanka ko a yi lalas?

A'a. Wannan kumburin abu ne da aka saba gani ga duƙushin da yake sauya haƙori, kuma yana janyewa da kansa. Yanka ko ƙonawa ciwo ne za ka ƙara wa bakin da kake so ya ci abinci, ga haɗarin sarƙe-haƙora idan ƙarfen ba shi da tsabta. Abin da yake hana shi ci yana can ciki, duba amsar da ta gabata.

Na ba shi maganin tsutsa har sau biyu, bai canja ba. Ke nan ba tsutsa ba ce?

Ba lallai ba. Tambayar ita ce wane magani, nawa, kuma wace tsutsa. Ɗan ƙasa da shekara ɗaya da rabi babban abokin gabarsa macijin ciki ne, fari, mai kaurin fensir, wanda yakan kai santimita 30. A ƙasashe da yawa wannan tsutsar ta daina jin ivermectin, wanda shi ne aka fi saya a wajenmu; fenbendazole ya fi kama ta. Akwai kuma haɗari: idan cikin ya cika da su aka ba shi maganin da zai kashe su gaba ɗaya, gawarwakinsu sukan toshe hanji. Duƙushi mai tulun ciki da bai taɓa shan magani ba, likita ya kamata ya tsara masa.

Daga shekara ɗaya zuwa shida kuma, waɗanda suka fi ramar da doki wasu ƙananan jajayen tsutsotsi ne da 'ya'yansu suke shiga bangon babban hanji su kwanta, wani lokaci watanni. A wannan halin ba sa yin ƙwai, saboda haka gwajin kashi zai iya fitowa babu komai alhali hanjin a cike yake. Yawancin magunguna ba sa isa gare su. Ana amfani da moxidectin, ko fenbendazole kwana biyar a jere, amma moxidectin ba a ba jariri, ba a kuma ba wanda ya rame ƙwarai, domin yana iya kayar da shi. Farar tsutsa mai faɗi ita ma nata daban ne, praziquantel. Ƙananan ƙwai rawaya da kake gani manne a gashin ƙafafu na wani ƙuda ne da 'ya'yansa suke girma a tumbi. A kankare su.

Sai awo. Magani da ƙiyasin ido yakan gaza, tsutsa ta sha ta rayu ta ƙara taurin kai. Yi amfani da lissafin tef da ke sama. Kai sabon kashi a gwada kafin magani, a sake bayan kwana 14, a nan ne za a san ko ya yi aiki. Kuma in ba a kwashe kashi daga turke kullum, kana zuba ruwa a rariya ne.

Kashinsa yana yin ruwa-ruwa jefi-jefi, yana ɗan ciwon ciki ya warware. Me ke kawo haka?

Abu na farko da nake zargi a ƙasarmu shi ne yashi. Daga Katsina zuwa Mashi, Daura, Zango har Baure jigawa ce, kuma yawancinmu a ƙasa muke watsa harawa. Duƙushi mai jin yunwa zai bi ganyen da ya kakkarye yana lasa har da rairayi. Yashin yana taruwa a ƙasan babban hanji, yana goge bangonsa, yana hana shi tsotsar abinci. Wani dokin yakan tara kilo da yawa.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ɗauki dunƙule biyar ko shida na sabon kashi daga sama, wanda bai taɓa ƙasa ba. Zuba a farar leda, cika da ruwa, dama, ka rataye ta ta yadda kusurwa ɗaya za ta kalli ƙasa. Bayan kwata ɗaya ka matsa kusurwar da yatsa biyu. Ranar da na fara yi wa wani dokina akawal, na ji abin yana ƙaras-ƙaras kamar na damƙi bakin rafi, ya fi cokali biyu. Rashin ganin yashi sau ɗaya ba ya wanke doki, a maimaita kwana uku ko huɗu. Maganin farko shi ne a ɗaga abincin daga ƙasa, a komi ko rabin durom ko a kan shimfiɗa, a kuma wadata shi da ciyawa, ita ce take tura yashin waje. Idan ya taru da yawa, likita yana da abin da yake ɗura wa doki ta hanci. In kuma farkon damina ne aka sake shi a sabuwar ciyawa, wannan ma yana sa zawo. A riƙa haɗa masa da busasshiya.

Ina cire masa kaska, kuma dasashinsa ya yi fari. Akwai alaƙa?

Akwai. Kaska tana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu shiga jini su farfasa shi. Idan abin ya zo da ƙarfi za a ga zazzaɓi, dasashi da cikin ido su yi fari ko rawaya, fitsari ya yi duhu. Amma sau da yawa a ɓoye take zama: doki yana ci, yana ramewa, yana saurin gajiya a kilisa, shi ke nan. Duba ƙarƙashin wutsiya, cikin kunne, tsakanin cinyoyi da gindin geza.

Ɗaya cutar jinin ita ce sammore. Mutane sukan ce ai babu ƙudan tsando a nan, amma akwai nau'in da ba ya buƙatarsa: bobuwa da sauran ƙudaje masu cizo ne suke kwaso shi daga dabba zuwa dabba, kuma raƙuma suna yawan ɗauke da shi. Dokin da ya biyo ta kasuwannin kan iyaka irin su Mai'adua da Jibiya ya tsaya kusa da raƙuma, ko ba a faɗa maka ba. Alamunsa zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, kumburi a ƙarƙashin ciki da ƙafafu, rama duk da ci, daga baya ƙafafun baya su fara tangaɗi. Cututtukan biyu sai da gwajin jini ake rarrabe su, kuma an fi ganin ƙwayar idan an ɗebi jinin lokacin da jikin yake da zafi. Ka sayi ma'aunin zafi, ka auna ta dubura safe da yamma na mako guda. Na lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Sabon doki a ware shi mako biyu zuwa uku, kuma kada a yi wa dawaki biyu allura da tsinke ɗaya.

Yana fara cin hatsi sai ya bari, yana cizon haƙora, yana fushi idan an ja majayi.

Wannan ya yi kama da gyambon ciki. Tumbin doki yana zubo ruwan tsami ba dare ba rana, ko da abinci ko babu. Ciyawa da miyau ne suke kashe kaifinsa. Dokin da aka ɗaure tun safe ba komai a gabansa, aka cika shi da hatsi sau biyu, sannan aka fita sukuwa da shi ciki wayam, shi ne gyambo ya fi kamawa. Yaye, doguwar tafiya a mota da sauya gida suna ƙarawa. Maganin da aka sani shi ne omeprazole na dawaki, kusan kwana 28, amma in ba a gyara tsarin ci ba zai dawo. Kada ya wuce awa huɗu ba abin taunawa, kuma a ba shi ɗan harawa kafin a ɗaura sirdi.

Wani ya ce akwai allurar da take sa ƙiba cikin mako biyu. In gwada?

Kada ka gwada. Yawanci dexamethasone ce, wadda ake kira deksa. Tana buɗe ci na ɗan lokaci, tana ɓoye zazzaɓi, tana karya garkuwar jiki, cutar da ke ciki ta samu fili. Tana kuma iya jawo ciwon kofato mai gurgunta doki. Na taɓa biye wa wani mai shagon magani a kan haka, abin da na samu shi ne na ɓata wata guda kafin a gano cutar kaska ce. Haka maganin ciwo irin phenylbutazone, idan aka daɗe ana bayarwa yana cin tumbi da hanji da ƙoda, shi kansa ya zama sanadin rama.

Tunda an zo nan, ga waɗanda ba a kusantar da su ga doki ko da wasa. Amitraz, maganin kaskar shanu, yana tsayar da hanjin doki. Abincin kaji da wani abincin shanu na kamfani sukan ƙunshi monensin, kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki. Diminazene, wanda aka fi sani da Berenil, tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa a jikin doki ƙanƙanuwa ce, aikin likita ne. Ivermectin na allura da ake yi wa shanu ba a tsira wa doki a nama, nasa ta baki ake ba shi. A gona kuma a kiyaye shi daga gyauron dawa, da 'ya'yan rai-ɗore da sukan biyo hatsi.

Kanwa fa? Kakanninmu da ita suka yi kiwo.

Kanwa kaɗan ba laifi, amma ba ta kashe tsutsa, kuma in ta yi yawa zawo take sa shi. Abin da doki yake zubarwa a gumi gishiri ne: a ba shi cokali ɗaya zuwa biyu a yini, ko a ajiye masa kantu ya riƙa lasa. Ruwa ya fi su duka. Ɗan kilo 300 yana shan lita 15 zuwa 20 a sanyi ba aiki, da bazara kuwa ninki biyu ko fiye. Dokin da ake shayarwa sau biyu a yini a watan Afrilu zai rage cin busasshen abinci da kansa.

Ko dai baki ne? Tun ranar da aka yaba shi a hawa ya fara lalacewa.

Ba zan yi musu da kowa a kan baki ba, a yi addu'a, a yi sadaka. Amma a tuna me ya faru a ranar: ya wuni cikin rana da kaya, ya sha ruwa a bokiti ɗaya da baƙin dawaki, ya shaƙi numfashinsu, ƙudajensu sun cije shi, cikinsa ba komai tun asuba. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa ya fara abin da ake gani bayan mako biyu. A haɗa addu'ar da ma'aunin zafi.

An duba komi, baki, kashi da jini, ba a ga komai ba. Saura me?

Saura abubuwan da ba sa fitowa a gwajin farko. Duƙushin da ya taɓa yin majina mai kauri da kumburin maƙogwaro ya fashe, wani lokaci ƙurjin yakan koma ciki ya zauna. Ɗan wata ɗaya zuwa shida da ya tashi a barga mai ƙura yakan yi ƙuraje a huhu, yana tsotso yana wasa har sai abin ya yi nisa. Wanda aka yaye kwanan nan akwai cutar da take kumbura bangon ƙaramin hanjinsa, furotin ɗin jininsa ya zube, haɓa da ƙirji su tara ruwa. Akwai ciwon hanta, akwai na ƙoda, akwai kumburin hanji mai daɗewa. Ciwo ma kawai, a kofato ko a baya inda sirdi ya ci, yana ramarwa. Haka ɗan ingarman da ya fara jin kansa, in akwai goɗiya kusa, sai ya wuni yana zagaya turke yana haniniya ya manta da komi.

A wannan matakin ka nemi a yi cikakken gwajin jini mai nuna furotin da lafiyar hanta da ƙoda, da hoton ciki in da hali. Likitan dabbobi na gwamnati a garinku zai iya tura samfur ko ya tura ka asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom. Ka tafi da littafin awonka da kwalaben duk abin da aka taɓa ba shi, har wanda kake jin kunyar faɗa.

Wace alama ce ba ta jira gobe?

Ya ƙi ci gaba ɗaya. Yana birgima, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa. Ya wuni bai yi kashi ba, ko zawo kamar famfo. Zafi ya haura 39. Dasashi ya yi fari fat, rawaya ko ja mai duhu. Abinci yana fitowa ta hanci. Yana tangaɗi, ko ya kwanta ya kasa tashi. A ɗauke hatsi, a bar masa ruwa, a kira likita a lokacin. Kada a ɗura masa komai ta baki da kwalba, yakan wuce huhu.

An gano matsalar. Yaya zan mayar masa da jiki, kuma zai yi hawan bana?

A hankali. Duk sauyin abinci a yi shi cikin kwana 7 zuwa 14, kuma a canja abu ɗaya a lokaci guda domin a san wanda ya yi aiki. Fara da ƙara harawa, hatsi daga baya. Man gyaɗa yana taimakawa ba tare da ya dagula hanji ba: cokali uku a yini da farko, a riƙa ƙarawa har ya kai kamar ƙaramin kofin shayi. Wanda ya rame ƙwarai, maki 1 ko 2, tausayi yana iya kashe shi, domin idan aka cika masa komi da hatsi sinadaran jininsa sukan rikice cikin 'yan kwanaki zuciya ta tsaya. Irin wannan harawa zalla ake ba shi, kaɗan-kaɗan duk awa huɗu a kwanakin farko, ba hatsi sam har sai an wuce kwana goma. Maki ɗaya yakan ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya dawo, wanda ya zube sosai kuwa wata uku zuwa biyar.

To, ka lissafa da kanka. In a tsakiyar azumi yana maki 3, ba zai murmure kafin ƙaramar Sallah ba, kuma jalala tana rufe haƙarƙari ne daga idon 'yan kallo kawai. Sirdi a kan bayan da ba nama gyambo yake yi. Ko Hawan Bariki ne a Katsina ko Hawan Magajiya a Daura, wuni ne cur a rana da nauyin mahayi da kaya. Ka ari doki bana, ko ka hau babban. Shi kuma a riƙa jansa da ragama da sanyin safiya, a ci gaba da awo duk mako biyu, in Allah ya yarda zuwa Babbar Sallah ko Sallar Gani sai a sake sa masa hannu a haƙarƙari a gani.